Ƙaramar jif da manyan kuloli biyu: yadda wata mai girkin biki a Kano ta sayi mota

Asalin matsalar: 2019 zuwa ƙarshen 2023

Matar da wannan bayani ya shafa malamar sakandare ce a Kano, tana da miji da 'ya'ya uku. Tun 2019 take karɓar kwangilar girkin biki da suna da walima a ƙarshen mako: dafa-duka, soyayyar shinkafa, waina da miyar taushe, farfesun kayan ciki. A tsakar gidanta ake girkin, a zuba a kuloli, a kai wurin taro. Motarta Toyota Corolla ce ƙirar 2006. But ɗin Corolla ba laifi wajen faɗi, amma bakinsa matsattse ne, babbar kula ba ta shiga ko an karkata ta. Don haka duk aikin da ta samu sai ta ɗauki shatar adaidaita sahu biyu ko a-kori-kura ɗaya, ita kuma ta bi su a baya da 'yan matan da ke raba abinci.

A haka ake tafiya har 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Yuli ta wuce 600. Kuɗin shata ya bi sahu. Sau biyu kuma mai a-kori-kura ya makara, abinci bai isa ba sai bayan an shafa fatiha an fara watsewa, wanda a wannan sana'a ya fi asarar kuɗi ciwo.

A Disamba 2023 ita da maigidanta suka yanke shawara: a sayar da Corolla, a haɗa da kwasar adashenta, a sayi ƙaramar jif guda da za ta kai yara makaranta, ta ɗauki kayan girki ranar Asabar, ta kuma kai iyali Gaya da Sallah. Kuɗin hannunta bai wuce na ƙirar 2010 zuwa 2015 ba, ko dai 'yar Beljiyam ko ta hannu mai lafiya.

Janairu 2024: lissafin takarda da jin ta bakin mutane

Ƙaninta ɗan jami'a ne ya ɗauki aikin bincike. Ya tattaro girman but na motoci huɗu daga intanet: Toyota RAV4, Honda CR-V, Nissan Rogue da Hyundai Tucson. Abin da ya ja hankalinsa shi ne Tucson ta 2010 zuwa 2015, wadda a Turai ake sayarwa da sunan ix35, an rubuta mata lita 591, ita kuwa CR-V ta 2012 zuwa 2016 lita 589. Tucson ta fi araha a wurin dila, ga shi a takarda har ta ɗara CR-V da lita biyu. Ya ce mata, "Yaya, ai magana ta ƙare."

Alƙaluman ba ƙarya ba ne, haka aka buga su a kasuwar Turai. Sai dai motocin nan biyu suna da wasu alƙaluman a kasuwar Amurka, inda ake auna but da kubik-fit har zuwa rufi. A can Tucson 25.7 take da shi, wato kusan lita 730, CR-V kuwa 37.2, kusan lita 1,050. RAV4 ta 2013 zuwa 2018 tana da 38.4. A awon Turai yawanci tubalan lita ɗaya-ɗaya ake jerawa zuwa layin gilashi, kuma kamfanoni ba sa tsayawa a wuri guda: wani ya haɗa da ramin da ke ƙarƙashin daɓen but, wani bai haɗa ba. Ƙanin nata bai ga alƙaluman Amurka ba a lokacin.

Ita kuma ta shiga tambayar mutane, a ofishin malamai da cikin 'yan adashe. Tambaya ɗaya take yi: wacce ta fi kyau? Amsoshin ba su wuce uku ba. Toyota ba ta mutuwa. Honda tana cire ƙafa. Motar Koriya da sauƙin mai. Duk wanda ta tambaya tasa yake yabo, ba kuwa wanda ya tambaye ta abin da za ta ɗauka a ciki.

Fabrairu 2024: kafin alƙalami a kan Tucson

A wannan watan dala ta haura naira 1,500, farashin motoci yana sauyawa kusan kowane mako, dillalai kuma suna ta faɗin cewa wanda bai saya yau ba gobe zai ciji yatsa. Ga bukukuwan gab da azumi sun taho. Wani dillali ya kai ta wurin wani dila, ta ga farar Tucson ƙirar 2013, kujeru fes, esi kamar firji. An buɗe mata but ta leƙa, ta ga kamar zai yi. Ta ba da kafin alƙalami, ta sallami dillali da rabin la'adarsa, aka sa ranar cika kuɗi.

Ranar ta faɗo Asabar, ta taso daga wani suna ke nan da kuloli a adaidaita sahu, babu komai a ciki. Maigidan ya ce tunda ga su nan, a saka a gani. Manyan biyun kowace tsawonta santimita 86, faɗi 45, tsayi 47. Aka kwantar da ta farko a gicciye, ta zauna daidai. Ta biyu ba ta samu wuri a gabanta ba. Aka ɗora ta a kan ta farko, ta tokari gilashin baya. Aka jera su a tsaye, kai zuwa kujera, gindi zuwa ƙofa, daɓen ya kusa isa amma gambun ya ƙi rufuwa, saura kamar yatsa uku, domin jinginar kujerar baya ta kwanto ciki ta sama, gilashin kuma ya zubo ta ɗaya ɓangaren. Yaron dila ya ce a danna da ƙarfi. Maigidan ya hana.

Hanya ɗaya ta rage, a kwantar da ɓangaren kujera mai faɗi. Da aka yi haka kulolin sun shiga, amma mutum ɗaya kaɗai zai zauna a baya, ƙananan kulolin miya da ruwan roba kuma sai dai a cinya. Ta fasa cinikin. Dila ya riƙe kashi ɗaya cikin uku na kafin alƙalamin, la'adar dillali kuwa ba a ma tayar da zancenta ba. Bukukuwan Sha'aban duk da shata ta yi su.

Maris 2024: an auna kayan, ba motar ba

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, aiki ya lafa. A cikinsa ta yi abin da ya sauya tafiyar binciken. Ta ɗauko tef ɗin ɗinki ta auna duk abin da take fita da shi a aikin mutum ɗari da hamsin, ta rubuta a bayan littafin odarta. Nauyi kuma ta samo shi daga wani buɗa-baki da ta yi wa wata ƙungiya, inda ta ari sikelin mai sayar da gas na bakin layinsu:

- manyan kuloli biyu cike da shinkafa, kilo 42 kowace
- matsakaita biyu na miya da farfesu, kilo 18 kowace
- ruwan roba ƙulli shida, kilo 9 kowane
- farantai, tire-tire, ludaya da sauran tarkace, kilo 20

Jimla kilo 194. Ita da 'yan mata biyu, kilo 180. Duka 374. Tukunyar gas mai cin kilo 12.5, idan a cike take da ƙarfenta, ta kusa kilo 27.

Bakaniken da ya daɗe yana duba Corollar ne ya nuna mata inda wannan lissafi zai yi amfani. A jikin ginshiƙin ƙofar direba na motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka akwai wata 'yar takarda da aka manna, mai nuna iskar taya da kuma iyakar nauyin mutane da kaya a haɗe. A CR-V kilo 385 ne. Sauran sa'o'inta ma duk a nan kusa da 400 suke yawo. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi ke nan: manya biyar masu kilo 70 sun cinye 350, abin da ya rage bai kai buhun shinkafa guda ba, komai girman but ɗin. Ƙaramar jif a kan ginin ƙaramar mota aka yi ta, tsayin jiki ne kawai ke sa a ɗauke ta kamar Hilux. Tazarar cikinta da ƙasa ma, a CR-V da RAV4 na waɗannan shekaru, santimita 16 ce ko ɗan sama da haka, kuma wannan kafin a loda ta ne.

Da wannan ta san abu biyu. Kayanta za su shiga iyakar nauyi da ƙyar. Tukunyar gas kuma ba za ta hau ba, wanda dama bai kamata a rufe ta a mota ɗaya da mutane cikin zafin Kano ba.

Afrilu 2024: tambayar masu motar, karo na biyu

Bayan Ƙaramar Sallah, wadda aka yi ranar 10 ga Afrilu, ta koma tambaya, amma ta sauya waɗanda take tambaya da abin da take tambaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai ba ya nuna wa baƙo in ba an tambaye shi daidai wurin ba. Ta daina cewa "ya motar take?" Ta koma cewa: me ka gyara na ƙarshe, nawa ya ci, kwana nawa ta yi a gareji? Ta nemi waɗanda suka riƙe motar shekara biyu zuwa sama, ta fi ba da ƙarfi ga waɗanda suka sayar da tasu, tunda ba su da abin karewa. Maigidan kuma ya zaga kasuwar Ƙofar Ruwa yana tambayar masu kayan gyara abin da aka fi zuwa nema na kowace mota.

Nan ne "Toyota ba ta mutuwa" ta rarrabu shekara-shekara. Wani da ya rabu da RAV4 ta 2007 ya ce kullum da galan ɗin baƙin mai yake yawo. Wannan sananniyar matsala ce ta injin mai lita 2.4 da aka sa wa RAV4 daga 2006 zuwa 2008, daga 2009 aka koma mai lita 2.5. Wata ma'aikaciyar asibiti mai RAV4 ta 2014 ta ce takan ji motar tana ɗan karkarwa in tana tafiya a hankali ba ta taka mai sosai ba, kamar an hau kwalta mai gargada. Ita ma sananniya ce a ƙirar 2013 zuwa 2015, daga giyabos take, har Toyota ta tsawaita garantin wannan ɓangaren a Amurka.

Zancen cire ƙafar Honda kuwa, da aka bi diddigi, duk masu faɗinsa Accord suka taɓa riƙewa ko suka gani a gefen titi taya ta lanƙwashe, irin waɗanda ake wa laƙabi da Baby Boy da End of Discussion. Ginin ƙafar gaban CR-V daban ne tun daga ƙirar 2002. Nata laifin wani ne: masu ta 2007 zuwa 2011 sun yi kukan kwampireson esi, masu ta 2012 zuwa 2014 sun ambaci wata ƙara da safe in an tayar da inji, ta 2015 kuma, wadda aka sauya wa inji aka sa mata giyar CVT, wato otomatik marar matakan giya, an san ta da karkarwa in tana tsaye a danja.

Rogue ta 2014 tana da but mai faɗi, kulolin ma sun shiga da aka gwada. Bakaniken ne ya ja ta baya, saboda ita ma giyar CVT gare ta. Ya ce, "Hajiya, giyar nan ba ta son zafi ba ta son lodi, ke kuma su biyun za ki ba ta. In ta tsaya, a nan garin ba buɗe ta ake yi ba, wata ake ɗorawa." Masu motar biyu da ta samu, ɗaya ya riga ya sauya giyabos, ɗayan bai taɓa samun matsala ba, amma shi daga gida sai ofis.

Wadda ta fi ba ta wahalar yanke hukunci RAV4 ce ƙirar 2011. Injin mai lafiya ne, kulolin sun zauna har da rara. Gambun bayanta ba sama yake ɗagawa ba, gefe yake buɗewa kamar ƙofar ɗaki, kuma safayar taya a jikinsa take ta waje. Maƙalarsa a dama take, tsarin ƙasashen da ke tuƙi a hannun hagu kamar Japan. Najeriya kuwa tun 1972 a dama ake tuƙi, saboda haka in ta faka a bakin titi ta buɗe, gambun sai ya tare tsakaninta da gefen hanya, masu ɗaukar kula su zagayo ta ɓangaren da motoci ke wucewa. Yana kuma buƙatar fili a baya, abin da ba a samu a ƙofar gidan biki inda ake faka mota hanci da gindi. Mai motar, wani ɗan kasuwa mai yawan bin hanyar Haɗeja, ya ce shi saboda tayar nan ta waje ya saye ta: cikakkiyar taya ce, kuma ba sai ka sauke kaya za ka ciro ta ba. Ta ji maganarsa, ta auna da yawan lodi da saukewar da take yi a cikin gari, ta bar motar.

Mayu 2024: ciniki

An samu CR-V ƙirar 2013 mai jan gaba, mai tsohuwar giya biyar ba CVT ba. Wannan karon da kuloli huɗu da ƙullin ruwa shida aka je. Manyan biyu suka jeru a tsaye, gambu ya rufu ba dannawa. Matsakaitan suka hau kansu, ruwan ya cike gefe da gefe, kujerar baya ba a taɓa ta ba. Daɓen but ɗin yana ƙasa-ƙasa, 'yan mata biyu suka ɗaga kula suka zura ba tare da sun kai ta ƙirji ba.

Bakaniken ya kafa sharaɗin kada a tayar da motar kafin ya zo. Ƙarfe bakwai na safe ya iso, ya buɗe bonet, ya ɗora bayan hannunsa a kan inji ya tabbatar da sanyi yake, sannan ya ce a murza. Sai ga ƙarar, kar-kar-kar, daƙiƙa biyu ta ɗauke. Ya ce giyar da ke kan kamshaf ce, mai daidaita lokacin buɗewar bawul, in mota ta kwana mai ya sauka sai ta yi wannan kukan kafin ya hau. Honda da kanta ta fitar da sanarwar gyaranta. Da a ce da rana suka zo bayan an zaga da motar, babu abin da za su ji. Da wannan ƙara aka rage kuɗin gyaran daga farashi.

An duba lambar shasi, aka ga ta dace da ta takardar kwastan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tun Janairu 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, duk motar da aka ce ta Kwatano ce sai an bi takardunta a tsanake. An ɗaga kafet an leƙa ramin safaya don neman tsatsa ko laka, alamar motar da ambaliya ta ci a Amurka kafin a yi gwanjonta. Ramin a bushe yake. Tayar da ke ciki 'yar siririyar nan ce ta wucin gadi, wadda ba a wuce kilomita 80 a awa da ita.

Yuni 2024 zuwa tsakiyar 2025: abin da ya biyo baya

A aikin mutum ɗari da hamsin zuwa ƙasa ta daina ɗaukar shata, in ban da adaidaita sahu guda mai kai tukunyar gas in za a yi suya a wurin taro.

Babbar Sallah, 16 ga Yuni, ita ce ranar da aka karya ƙa'ida. Iyali biyar, ga ƙanwar maigida da goyonta, buhun shinkafa biyu, jarkar mai lita 25, jakunkuna. But ya ɗauke duka har da sauran wuri. Gindin motar ya zauna, cikinta ya riƙa gogar tudun rage gudu a garuruwan hanyar Wudil. A Oktoba shakazoban baya suka fara yoyo aka sauya su. Bakaniken ya ce dama sun tsufa, lodin ne ya ƙarasa su.

A Agusta, ana tsakiyar damina, ƙusa ta huda tayar baya a hanyar kai abincin wani ɗaurin aure. Sai da aka sauke kuloli huɗu da ruwa a gefen titi cikin yayyafi kafin a kai ga safaya, daidai abin da mai RAV4 ya faɗa. Daga nan ta sayi ƙaramin famfon iska mai aiki da batirin mota, wanda kan kai ta wurin mai faci in hudar ba babba ba ce.

Da fetur ya haura naira 1,000 a Oktoba 2024, maigidan ya kawo shawarar a mayar da motar mai amfani da gas ɗin CNG, kamar yadda gwamnati ke ta kira. Suka je suka ga yadda ake ɗaura tukunyar a gicciye bayan kujerar baya. Kaurinta ya haura santimita 30, nauyinta ya fi buhun shinkafa. Ta fito da tef ta auna abin da zai rage, bai kai santimita 86 na tsawon babbar kula ba. Aka bar maganar.

Hukunci

Lita 591 ba ta yaudare su don ƙarya ce ba. An gwama awo biyu da ba a yi su da ƙa'ida ɗaya ba, kuma ko da ƙa'idar ɗaya ce, lita tana ƙirga har da lungunan da kula ba ta lanƙwasa ta shiga. Mai ɗaukar kaya masu tauri, kula ko keken guragu ko janareto, tsawon daɓe a daidai tsayin kayan ne ya dame shi, da faɗin da ke tsakanin tudun tayoyi, da bakin ƙofa. Wannan kuwa tef da kayan kansu ne kawai ke nuna shi. A ganina kuskuren Fabrairu ba na ƙanin ba ne, na ba da kuɗi ne kafin gwaji, kuma tashin dala ne ya sa aka yi gaggawar. Tucson ɗin ba ta da laifi, ga mai yara biyu da kayan cefane ta isa har ta yi yawa.

Jin ta bakin masu mota bai yi amfani a Janairu ba saboda sunan kamfani aka tambaya, aka kuwa samu amsar sunan kamfani. A Afrilu ya yi amfani saboda an sauko kan shekarar ƙira da kuɗin gyaran ƙarshe. Daga nan ne aka san a zo da sassafe a saurari inji, aka san a tsallake CR-V ta 2015 duk da ta fi sabunta. Inda aka yi sakaci shi ne maganar ɗan kasuwar Haɗeja. Barin RAV4 ta 2011 daidai ne ga mai aiki a cikin gari, amma gargaɗinsa kan safaya ya cancanci a yi masa tanadi tun ranar ciniki, ba sai bayan Agusta ba.

Iyakar kilo 385 kuwa tana nan, kuma ita ce ta fi but saurin cika. Aikin da ya haura mutum ɗari biyu har yanzu sawu biyu take yi masa, ko ta kira a-kori-kura. Tafiyar Gaya ta Sallar 2025, shinkafar a motar haya aka tura ta tun ana jajibiri.